Isiyaku Mai Inji da Madarar Wanke Ƙirji

Na fi shekara arba'in ina fawa a Makera, kuma duk wanda ya riƙe wuƙar fiɗa ko ta mako guda ya san bututu biyu ne a wuyan dabba. Na gaba mai tauri ne, zobe-zobe na guringuntsi, shi ne maƙogwaro, iska kaɗai ke binsa zuwa huhu. Na bayansa mai laushi ne kamar hanji, shi ke kai abinci tumbi. Tun daga sama suke rabuwa, ba sa sake haɗuwa. Wannan ɗan abin da ba ya buƙatar allo ko aji shi na kasa cusa wa Isiyaku a kai.

Isiyaku taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, can Malumfashi. Tun muna yawo ba wando kowannenmu ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har muka yi furfura ba mu daidaita a kan wane ne ubangidan ba. Shi yana ce mini sarkin ƙuda, ni ina ce masa zakaran unguwa saboda kiran salla. Ranar da aka ɗaura masa aure da Hadiza na shaida wa danginta cewa kyauta muka ba su shi, in sun dawo da shi ba ma karɓa, aka yi ta dariya har da liman. Ba a fushi da maganar taubashi, kowa ya san wannan. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne ba a kuma ɗaukarta da nauyi.

Ya riga ni zuwa Kaduna da shekara biyu, lokacin da masaƙun Kakuri ke ɗaukar duk wanda ya zo da ƙarfinsa. In jiniya ta yi kuka aka tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titi har ba wurin ratsawa. An sa shi a sashen shiɓa, inda ake kwance ɗaurin auduga injuna su yi ta tsefe ta. Sau ɗaya na leƙa wurin, da na kai masa saƙo daga gida, ban iya hango ƙarshen ɗakin ba. Auduga ce ke yawo a iska, ta sauka a gira, ta sauka a gashin baki, ta manne a harshe. An raba musu ƙyallen rufe hanci, amma ciki akwai zafi, yawancinsu a wuya suke rataye shi kamar laya. Abin da ba sa wasa da shi shi ne madara. Duk wanda ya tashi daga aiki sai ya huda gwangwani guda da ƙusa, waje biyu, ya ɗaga kai ya zuƙe. Madarar wanke ƙirji suke ce mata. Sun yarda ɗari bisa ɗari cewa tana bi ta wanko duk audugar da mutum ya shaƙa a ranar.

Har hujja suke da ita. Kusan dukansu ran Litinin ƙirjinsu ya fi ɗaurewa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, zuwa Laraba abin ya lafa. Sai suka ce ai dalilin a fili yake, ran Lahadi ba aiki, ba a shan madara, shi ya sa datti ke kwantawa. Isiyaku da ya fi kowa ƙwazo sai ya fara shan tasa har ran Lahadi. Litinin ɗin ba ta fasa ɗaure shi ba, ya ce da bai sha ba da abin ya fi haka.

Ran da na fara yi masa maganar, a rumfata yake zaune yana zuƙar gwangwaninsa, kaina kuma yana cikin ƙirjin wani bunsuru. Na ce masa zakara, madarar nan tumbinka take tafiya, audugar kuwa tana can wani ɗaki dabam, ko gaisawa ba za su yi ba. Ya goge baki ya ce wa mutanen wurin su zo su ga ikon Allah, wanda ke wuni da ƙuda ya zama likita. Aka tuntsire da dariya. Ni ma na yi, don maganar ta yi daɗi, na kuma rama da cewa in ya mutu kada a wahalar da kowa neman likkafani, a zazzage shi kawai za a sami audugar da ta isa. Haka muka rabu ranar, kowa na jin ya ci.

Dole in faɗi abin da Allah ya ba shi, in ba haka ba ba za a gane abin da ya ɓata mini rai ba. Isiyaku bai tara dukiya ba, gidan haya ya zauna har ya aurar da 'ya'yansa. Amma yana da murya. Tun yana saurayi aka ba shi ladancin ƙaramin masallacin layinmu, kafin a sa lasifika, kuma masu tsallaka layin dogo sukan ce suna jinsa sarai. Yakan ja numfashi ɗaya ya ɗauki shahada tun daga farko, ya miƙe ta, ya lanƙwasa, ya sauke a hankali ba tare da muryar ta yi rawa ba. Maƙwabtanmu Kiristoci da shi suke saita lokacin ɗora tukunyar yamma. Ba albashi a aikin, ba komai sai makullin akwatin lasifika da yake ɗaure a igiyar wandonsa. In ka ce masa Isiyaku zai waiga, amma in ka ce Ladan sai ka ga har kafaɗunsa sun miƙe. Ni da nake zolayarsa da zakara, in ya fara kira nakan dakata da sara har ya gama, ban dai taɓa bari ya sani ba.

Da masaƙu suka durƙushe aka sallami mutane, wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa. Na yi murna a raina, na ce ko ba komai ƙirjinsa zai huta. Sai bawan Allah ya tashi ya sayi injin niƙa. Ya kama wani ɗan shago a bayan kasuwa mai taga ɗaya, da maƙwabta suka yi ƙorafin gari na shigar musu ɗaki sai ya toshe tagar da buhu, don shi ba ya son hayaniya da kowa. Masara, dawa, busasshen rogo, ran Alhamis kuma barkono, wanda ko mai wucewa ta ƙofar sai ya yi atishawa. A ciki yake wuni, ya fito fari fat kamar an tsoma shi a kwanon gari, ya kakkaɓe, ya yi alwala, ya tafi kira. Da yamma kuma gwangwaninsa da ƙusarsa.

Na faɗa masa a rumfa, na faɗa masa a gidan suna, na faɗa masa a hanyar maƙabarta. Na tambaye shi ko bai taɓa ƙwarewa da ruwa ba. Ya ce ya taɓa mana. Na ce to ɗigo ɗaya ke nan ya ɓace hanya ya leƙa maƙogwaro, ka ga yadda ka yi ta tari har da hawaye. Da madarar nan can take shiga da tuni mun ci gumbarka. Ya ce in haka ne in shirya, shi zai ci tawa. Lokacin korona da aka tilasta sa takunkumi na kai masa guda biyar masu kyau. Ya juya su a hannu ya ce a garinsu jaki ake sa wa takunkumi, tunda kuma ni na kawo, ni ya fi dacewa da su. A haɓa yake sa shi in ya hango jami'an tsaro. Wallahi akwai ranar da na koma rumfa cike da haushi, har na yanke yatsa.

Tari ya fara zama masa abokin zama. Daga shagon zuwa masallaci ba nisa, sai na lura yana tsayawa a gindin wani mangwaro kamar mai duba waya, alhali numfashi yake mayarwa. Daga nan kiran ya fara gajarta. Shahadar da yake ɗauka da numfashi ɗaya ta koma biyu, ana jin jan iskar a lasifika, da wani ɗan fito a ƙarƙashinta. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Akwai Malam Ɗanjuma tela, magidanci mai ƙarfin ƙirji, wanda ke riƙe masa in ya yi tafiya, aka fara cewa me zai hana a hutar da dattijo. Liman mai kunya ne, bai ce komai ba, amma kowa ya san inda maganar ta dosa.

Hadiza ce ta same ni a gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce mijinta ba ya iya kwanciya sai ta jera masa matashi uku, kuma ya ce mata in aka karɓe makullin nan bai san me zai tashi ya yi da safe ba. Ta ce yanzu gwangwani biyu yake sha. Ta roƙe ni in kai shi asibiti ko da dabara, tunda ni kaɗai ke iya faɗa masa magana son raina. Na ce mata faɗa dai ina faɗa.

Dabarar da na samu ita ce Rebecca, 'yar Nathan. Nathan mutumin Kagoro ne, tare suka yi masaƙa da Isiyaku, kuma a gabanmu aka haifi yarinyar nan, ta girma ta zama nas a wani asibiti a Narayi. Na ce wa Isiyaku ta aiko tana ƙorafin ya manta da ita. Muka hau keke napep, yana ta mitar an raba shi da injinsa ran kasuwa.

Ta tarbe shi da murna, ta durƙusa ta gaishe shi, kafin ya ankara ta sa an ɗauki hoton ƙirjinsa, ta kuma miƙa masa wani bututu ta ce ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura, ta ce ya sake. Sau uku. Na ga fuskarta ta canza. Likita ya duba shi, ya yi bayani da Turanci rabi da Hausa rabi, sannan ita ta zaunar da shi ta warware masa. Ta ce maƙogwaro in ya sauka ƙirji yakan rabu biyu, dama da hagu, kowanne ya yi ta rassa yana sirancewa, har ya ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, a nan iska ke shiga jini. Ta ce akwai wasu 'yan gashi ƙanana a bangon hanyoyin da ke sharo datti zuwa sama, amma shekaru na auduga da gari sun fi ƙarfinsu, hanyoyin sun kumbura sun tsuke. Maganar Litinin ma ta ce sanannen abu ne a wurin masu aikin auduga, ƙirji ne ya ɗan huta ran Lahadi sai ya sake karo da ƙurar.

"Baba, abeg, ka ji ni da kyau," in ji ta. "Abin da ya lalace ba zai dawo ba. Wanda ya rage muke so mu riƙe. Ka fita daga ɗakin garin nan, ko ka buɗe taga ka rufe hanci. Madara abinci ne, ka sha in kana so, amma ba ya zuwa wurin."

Ya ce to 'yata, Allah ya yi albarka. Ya karɓi maganin shaƙa ya jefa a aljihu. Muna fita ƙofar asibitin ya dube ni yana murmushi, ya ce ashe har yarinya na haɗa baki da ita, to ya ji, wasan ya yi kyau. Ya ce ubanta ma ya sha madarar nan, ga shi can ƙauye yana noma da ƙarfinsa. Na tuna masa cewa Nathan direban motar kaya ne, bai taɓa wuni a sashen shiɓa ba. Ya ce sarkin ƙuda ba ya rasa magana. Ya tsallaka titi ya shiga wani kanti, ya fito da gwangwani. Tun daga Narayi har Makera yana ta hira da mai keken, ko a jikinsa.

Babbar Salla ta zo bayan wata guda. Kowace shekara shi ke yanka ragonsa, ni ke feɗe masa, muna yi muna zagin juna, yana cewa in lura kada hanta ta ɓace a aljihuna. Bana ban tanka ba. Na zare maƙogwaro da huhu da bututun abinci gaba ɗaya, ban raba su ba, na wanke na shimfiɗa a faranti. Na ce Hadiza ta kawo mini gwangwaninsa na yamma. Na ce masa ya zauna. Ya fara wata magana, ya dubi fuskata, sai ya zauna.

Na sa baki a maƙogwaron na hura. Huhun ya tashi, ya cika, ya yi ja-ja mai haske, na saki ya sauka a hankali. Na sake yi don ya gani da kyau. Sannan na huda gwangwanin, na buɗe bakin bututun baya na tsiyaya. Madarar ta bi ta bayan huhun ta zubo ta ƙasa, inda na yanke shi daga tumbi, ta taru a farantin. Na ɗauki wuƙa na tsaga maƙogwaron, na bi reshen dama ina buɗewa, reshe bayan reshe, har ya fi ƙarfin bakin wuƙa. Ko ɗigon fari babu a ciki. Na ce masa ya nemo mini ƙofar fita. Ya sa yatsa ya bi, ya juya huhun, ya duba bayansa, ya sake juyawa.

"Ba ya ɓullewa," in ji shi.

Na ce ba ya ɓullewa. Ciki yana da mashiga da mafita, amma nan ƙofa ɗaya ce, abin da ya shiga in tari bai fito da shi ba yana nan.

Ya daɗe yana kallon farantin. Na jira ya ce rago dabam mutum dabam, na shirya amsa. Bai ce ba. Ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjinsa ya bar shi a nan, har Hadiza ta zo ta ɗauke farantin. Ranar ko tsinke ɗaya na suya bai ci ba.

Washegarin Salla ya cire buhun daga tagar. Ya sa takunkumi, biyu ma a haɗe, ya koyi amfani da maganin shaƙa, ya daina karɓar niƙan barkono. Da na gan shi a ƙofar shagon da hanci a rufe, maimakon in ji daɗi sai na ji kamar in kama shi da duka. Abin da bai fi minti goma a kan faranti ba, shi ya ci mana shekara arba'in. Tarin ya ɗan lafa, har na fara sa rai Rebecca ta yi kuskure.

Ba ta yi ba. Mako uku bayan Salla, a kiran La'asar, ina cikin yi wa wata mata awo na ji ya kai "Hayya alas sala" sai muryar ta yanke. Tari ya biyo baya, a lasifika, unguwa duka tana ji, irin tarin da ba ya barin mutum ya ja iska. Aka ji motsi, aka ji an ja makirfo, sai muryar Malam Ɗanjuma ta ɗora daga inda ya tsaya. Matar ta dube ni ta ce Allah ya ba Baba lafiya. Na ce amin, na miƙa mata namanta. Isiyaku bai jira liman ya yi masa magana ba, bayan an idar da salla ya kwance makullin daga igiyar wandonsa ya miƙa wa Ɗanjuma a gaban jama'a.

Kwana biyu ban gan shi ba. Ran na uku, rana ta yi sanyi ina kankare teburi, ya zo ya zauna a bencina. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya tambaye ni tun yaushe na san abin da na nuna masa. Na ce tun kafin ya yi aure.

"To me ya hana ka faɗa mini?"

Na ajiye wuƙar don kada in yi abin da zan yi nadama. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Na fara jero masa wuraren, rumfar nan da yake zaune, sunan 'yarsa ta fari, hanyar maƙabarta, takunkumin korona, muryata na hawa har maƙwabcina ya leƙo. Ya bari na gama.

"Ka faɗa," in ji shi. "Amma kullum kana dariya. Ni kuma na ɗauka irin namu ne. Ranar Salla ce kaɗai ka faɗa ba ka yi dariya ba."

Na buɗe baki in ƙaryata shi. Na bi lokutan nan ɗaya bayan ɗaya a raina, ina neman guda wanda ban rufe da zolaya ba, wanda na kira shi gefe na zaunar da shi kamar ɗan kawuna. Ban samu ba. Ko ranar da na yanke yatsa, sai da na yi masa barkwanci kafin in juya baya.

Malam Ɗanjuma ya fara kiran Magariba. Na ce masa ya jira in rufe rumfa mu tafi tare. Tafiyar minti biyar ce zuwa masallacin, mun tsaya sau uku, kuma a sahun ƙarshe muka sami wuri.